ARO DA ƘAGOWA: JAWABI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU

Ni yaro ne a gabanku, sai ku yi mini gafara in na yi tuntuɓen harshe. Abin da zan yi magana a kansa shi ne tambayar nan da a kan yi duk sa'ad da aka kawo wani sabon shiri a gunduma, watau ko ya fi kyau mu ari dabarar da wasu suka riga suka gwada, ko kuwa mu ƙago tamu.

Da fari dai, aro ba abin kunya ba ne. Ku dubi gyaɗa. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, ta yi ta bin hannu har ta iso mu. Masara da rogo ma daga ƙetaren teku aka kawo su. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, Turawa sun sa rai auduga za a riƙa lodawa. Amma manoma suka auna da kansu, suka ga gyaɗa ta fi karɓar jigawarsu, ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Suka dage a kanta har aka yi dalar gyaɗa a Kano. Matanmu kuma suka fitar da mai da ƙuliƙuli daga cikinta. Iri na aro ne, amma shawara da sarrafawa namu ne.

Haka al'amarin ya ke wajen littattafai. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labarun Magana Jari Ce a littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya. Amma ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kasuwa irin namu, har mai karatu ba ya jin baƙunta ko kaɗan.

To, ga kuma ɗaya gefen. Cikin 1949 aka buɗe wani babban shirin noma a Mokwa, bisa koyi da shirin Gezira na ƙasar Sudan, inda manomi da masu shiri ke raba amfanin gona. Amma Gezira noman ban-ruwa ne daga kogin Nilu, Mokwa kuwa sai abin da sama ta zubar. Aka kawo motocin noma suka kafce fili mai faɗi, sa'an nan aka bar wa manomi noman ciyawa da fartanya, a gonar da ta fi ƙarfin iyalinsa. Mutane suka ƙi zuwa da yawa, waɗansu da suka zo suka koma gida. Cikin 1954 kamfanin ya janye bayan hasarar kuɗi mai yawa. An ari riga ba a gwada ta a jiki ba, kuma kun san kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, a ganina, wanda ya ce sai abin da ya ƙago da kansa zai yi aiki da shi, ya ɓata shekaru a banza, domin daga na gaba a ke ganin zurfin ruwa. Wanda kuma ya kwaso shirin wani ɗungurungum, ya jefa talakawansa cikin wahala. Gwanintar tana wajen gyaran abin da aka aro.

In an kawo muku sabon iri, ko taki, ko wata hanyar haƙa rijiya, ina roƙonku ku yi tambaya uku. A ina aka gwada shi, kuma ƙasarsu da ruwansu irin namu ne? Wa zai ɗauki nauyin aikin, yana kuwa da hannuwan da za su isa? In ya lalace, maƙerinmu zai iya gyarawa? Sa'an nan a fara da ƙauye ɗaya, a shawarci dagatai da tsofaffin manoma tun kafin shuka.

Ku kuma magatakarda, amana tana hannunku. Ku rubuta abin da ya faru a gona, ba abin da ku ke zaton manya na son ji ba. Rahoton da ya ɓoye hasarar ƙauye ɗaya shi ke sa a maimaita ta a ƙauye goma.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu damina mai albarka. Amin.