Jawabi Ga Iyaye Da Matasan Ebute Metta Kan Karatun Kifi Da Teku

 

Jama'a, tun da gwamnatin jihar Ikko ta hana acaba a yankinmu a shekarar 2022, samarinmu da yawa suka koma zaman kashe wando. Wasu sun gama sakandare, takardunsu na ajiye a akwati. To, ga ruwa a bakin ƙofarmu. Kullum muna ganin masuntan Makoko cikin kwalekwale, muna sayen kifi a kasuwar Oyingbo, amma ba mu taɓa tunanin tura 'ya'yanmu su koyi ilmin abin ba.

Ai su ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarkawan Yawuri da Argungu namu ne, kuma mun san kifin banda na Baga tun muna yara. Abin da ya sauya shi ne yau ana koyon sana'ar a makaranta, a fito da takardar shaida.

A Victoria Island akwai Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Kifi da Fasahar Teku. Kusa da ita akwai cibiyar binciken teku, wato NIOMR, wadda aka kafa a 1975. A kwalejin ana karatun difiloma na shekara 2 a fannin kifi, ko tuƙin jirgin ruwa, ko aikin injinsa. Karatun nan ba na zaman aji kaɗai ba ne. Yaro zai ƙyanƙyashe ƙwan tarwaɗa da hannunsa, ya auna lafiyar ruwan tafki, ya haɗa abincin kifi, ya gyara raga, ya koyi banda mai tsabta. Akwai kuma sashen ilmin teku a Jami'ar Legas da ke Akoka. Wanda ya fi son arewa, akwai kwalejin kifin ruwan daɗi a New Bussa, kusa da tafkin Kainji.

Kasuwa kuwa tana nan. Gabar tekun Nijeriya ta haura kilomita 800, amma har yanzu daga ƙetare ake shigo da yawancin kifin ƙanƙarar da muke ci, domin wanda ake kamawa da wanda ake kiwo a gida ba ya isa.

Saboda haka muna roƙon iyaye abu uku. Na ɗaya, mu sa ido yaranmu su riƙe darussan kimiyya da lissafi da Turanci tun daga sakandare, don da su ake shiga. Na biyu, kada mu bar 'yan mata a baya, kiwon kifi ko a bayan gida ana yin sa. Na uku, masu hali su taimaka wa yaran da ba su da kuɗin jarrabawar JAMB, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ku kuma samari, mai son a raka shi ya ga kwalejin da idonsa, ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi.