Kwalbar da ke Hannun Malami: Lacca kan Kare Kai a Ɗakin Gwajin Sinadarai



Duk sanda aka ta da zancen haɗari a ɗakin gwaje-gwaje, yara ake fara ɗora wa laifi: ba sa ji, wasa ya yi musu yawa. Ni kuwa da mu malamai zan fara.

A watan Janairun 2014, a wata sakandare da ke birnin New York na Amurka, malama ta tara ɗalibai za ta nuna musu gwajin da ake kira bakan gizo. Gwaji ne mai ban sha'awa. Ana ƙona gishirin ƙarafa iri-iri, kowanne ya ba wuta launinsa: sodiyom rawaya, tagulla kore, sitirontiyom ja. Makamashin kuwa metanol ne. Malamar ta ɗauko babbar kwalba domin ta ƙara shi a kan tasoshin gwajin, sai tururin ya kama, wuta ta bi shi har cikin kwalbar, ta feso waje ta lulluɓe wani yaro ɗan shekara 16. Ya ƙone ƙuna mai tsanani. A 2019 kotu ta yanke masa diyyar kusan dala miliyan 60, amma kuɗi ba ya mayar da fata. Yaron nan a zaune yake yana kallo, bai taɓa komai ba.

Ku lura da halin metanol. Tururinsa na iya kamawa tun zafi yana wajen digiri 11, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana, sai mutum ya ɗauka ta mutu alhali tana ci. To ina ga ɗakunanmu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40? Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi a shekarar 2014 ɗin, cewa a auni ɗan abin da ake bukata, a fitar da babbar kwalba daga wurin kafin a ƙyasta ashana, a sa shamaki tsakanin gwaji da masu kallo. Akwai ma hanyar da ta fi sauƙi. A jiƙa tsinkayen katako cikin ruwan gishirin su kwana, a riƙa kai su bakin wutar Bunsen. Launukan za su fito, ba ko ɗigon metanol.

Mu dawo gida. Idan jarrabawar WAEC da NECO ta gabato, a makarantu da yawa za ka tarar da ɗalibai suna zuƙar sinadari a fifet da baki. Wani lokaci abin da ke cikin bututun ruwan soda ne, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, kuma kowa ya san abin da take yi wa hannu, balle harshe da maƙogwaro. 'Yar robar da ake sa wa fifet a kai ba ta da tsada. Rashinta sakaci ne, kuma ba na ɗalibi ba.

Sai asid. Doka ita ce a zuba asid cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Amma don Allah a gaya wa yara dalili, domin dokar da ba a san dalilinta ba ita ake fara mantawa. Asid ɗin salfa mai ƙarfi, wanda in an sirka shi yake zama ruwan batir, yana fitar da zafi sosai idan ya haɗu da ruwa. In ruwan ne kaɗan a sama, nan take zai tafasa ya fantsamo asid a fuska. In kuwa ruwan ne mai yawa a ƙasa, shi zai shanye zafin.

Maganar sutura ba ta bukatar dogon bayani. 'Yan matanmu na shiga da hijabi, samari da riga mai faɗin hannu, yadin roba kuma narkewa yake ya manne wa fata. A sa ƙaramin hijabi na auduga, a cusa shi cikin farar riga, a rufe maɓallai, a sa tabarau na kariya.

In tsautsayi ya faru, ruwa ne magani na farko. Sinadari ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti da sunan sinadarin a rubuce. In kuma fata ce ta ƙone, kada a shafa manja, ko man goge baki, ko ƙwai. Sodiyom kuwa nake so ku keɓe a ranku: ruwa hura wutarsa yake, shi ya sa ake ajiye shi cikin mai, busasshen yashi ne ke kashe wutar.

Shugabannin makarantu, inda famfo ba ya kawo ruwa, a cika manyan jarkoki a ajiye kusa da teburin aiki, a sa bokitin yashi a bakin ƙofa, kowace kwalba kuma a rubuta mata sunanta. Ranar da aka rasa waɗannan, a ɗage gwajin zuwa ranar da aka same su.