Gishirin da ke Sama: Lacca ga 'Yan'uwanmu na Timia



Ku mutanen Timia ba a koya muku sha'anin gishiri. Kowace shekara, wajen Oktoba, ayarinku kan ƙetare Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya komo da kantu, ya gangara kasuwannin Hausa. To, yau zancen wani gishiri na kawo muku, wanda raƙumi bai taɓa ɗauko shi ba.

Kun sha ganin tauraro ya tsinke da dare. Ba tauraro ba ne, ɗan tsakuwa ne, sau da yawa bai fi ƙwayar gero ba. Yakan faɗo cikin iska da gudu, ya ƙone, ya bar ƙurar ƙarfe can sama, tsakanin kilomita 80 da 105. Cikin ƙurar nan akwai baƙin ƙarfe, akwai kuma sodiyam, watau sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa. Wani Ba'amurke, Vesto Slipher, ya ga haskensa a 1929. A 1969 masana a Ingila suka harba hasken lesa sama, suka auna shi.

Da aka yi ta awo, sai aka tarar yawansa yana bin lokatan shekara. A Turai da Amurka ta Arewa yakan yi yawa da hunturu, ya ragu ƙwarai a watannin zafi. Ga dalili: can sama al'amarin a juye yake, lokacin da ƙasa ke zafi, nan ne sama ta fi sanyi. In sanyi ya tsananta, sodiyam sai ya haɗu da wasu iskoki, ya zama ɗan'uwan kanwa, ma'auni ya daina ganinsa. Iska kuma tana kwasarsa zuwa sashen duniyar da ke hunturu. Kusa da tsakiyar duniya kuwa sau biyu yake ƙaruwa, wajen Maris da wajen Satumba.

Saboda haka, 'yan'uwa, in Agusta ko Disamba ta zo, kuka ga taurari suna ta tsinkewa, kada wani mayaudari ya tsorata ku da zancen mutuwar babban mutum, ya karɓe muku akuya. Abin yana da lokacinsa, kamar fitar ayari. Ku bayyana wa mutane haka ran kasuwa, ku sa yara makaranta su iya awon da kansu.

Haza wassalam.