Jawabi kan inshorar naƙasa: in ma'aikaci ya faɗi, wa zai tashe shi?



A Amurka ma'aikaci yakan yi shekaru ana zuba mishi kuɗin inshorar naƙasa, bisa alkawalin in ciwo ko hatsari ya hana shi aiki, kampani zai riƙa ba shi wani kaso na albashinsa kowane wata. Ranar da buƙata ta zo, sai likitan kampanin, wanda sau da dama bai ko ga maras lafiyar ba, ya rubuta cewa yana iya aiki.

Mi ya ba kampanoni wannan ƙarfin hali? Dokar ERISA ta 1974. A 1987 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa wanda ya samu inshora ta wajen aikinsa ba ya iya neman diyyar ha'inci bisa dokokin jahohi. Ko ya ci shari'a, galibi kuɗinsa da aka riƙe kaɗai zai karɓa. Ke nan ƙin biya ba ya jawo ma kampani wata babbar hasara.

A 2004 hukumomin jahohi suka ci kampanin UnumProvident tarar dala miliyan 15, suka tilasta mishi sake duba takardun mutane kimanin 200,000. Amma shekarun da magidanci ya yi ba albashi, wa zai maido mishi su?

Muddin ha'inci ya fi cika alkawali arha, naƙasasshe ne zai biya.