Kwamfutar Gidan Malami da Ɓarayin da Ba Sa Haura Katanga

Jawabin da kwamitin wayar da kai na reshe ya gabatar a taron mambobi. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma iyalanmu.

Shugaban reshe, iyayenmu da suka yi ritaya, shugabannin makarantu, 'yan uwa malamai maza da mata da kuka taso daga Faru da Maradun da Bakura da Talata Mafara, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode da kuka jure wahalar hanya a irin wannan lokaci.

An umurce mu da mu yi magana a kan tsare kwamfutar gida. Mun san akwai wanda zai ce a ransa, malamin da ke lissafin yadda albashi zai kai shi ƙarshen wata, ina shi ina zancen kwamfuta? Amsar ita ce aiki ya riga ya tura mu can ko muna so ko ba ma so. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Jarrabawar da hukumar rajistar malamai ta TRCN ke shirya mana a kan kwamfuta ake yin ta. A 2024 hukumar WAEC ma ta fara gwada haka ga ɗalibai masu zaman kansu. Da yawa daga cikinmu mun yi adashi ko mun ci bashi mun sayi kwamfutar cinya ta gwanjo domin yara su koyi latsa madannai kafin ranar jarrabawa. A cikinta muke buga tambayoyin ƙarshen zango, mu haɗa makin ɗalibai, mu ajiye hoton takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma. Da dare kuma yara su kalli fim a kanta idan batir ya yarda.

Bari mu fara da abin da ya faru a cikinmu. Wani abokin aikinmu, wanda ya yarda mu ba da labarin ba tare da sunansa ba, ya kwana uku yana haɗa sakamakon aji biyu. Ya kwafe a filashi ya kai wani shagon buga takardu a cikin gari. Da ya dawo gida ya soka filashin a kwamfutarsa, sai ya ga kowace jaka ta rikiɗe ta zama alama mai ɗan kibiya a gefe. Ya latsa ta farko bai ga komai ba, ya latsa ta biyu haka. Hankalinsa ya tashi, wani ya ba shi shawarar ya wanke filashin baki ɗaya, ya kuwa wanke. Daga nan aikin kwana uku ya tafi, kwamfutar kuma ta riga ta kamu.

Abin takaicin shi ne takardunsa suna nan a lokacin da ya wanke. Wannan cuta da yara ke kira shotkot ba ta cika goge komai ba. Ɓoye jakunkunan gaskiya take yi, ta ajiye na bogi masu suna iri ɗaya, domin duk wanda ya latsa ya buɗe mata ƙofa da hannunsa. Da ya haƙura bai latsa ba, ya kai wa wanda ya san yadda ake bayyana ɓoyayyun fayiloli, da ya tsira da aikinsa. Ba mu ɗora wa mai shago laifin ganganci ba. Kwamfutar da filashi ɗari ke shiga a mako kamar randar bakin kasuwa ce, kowa na tsoma moɗa. Abin da muke ba da shawara shi ne a mayar da takarda zuwa PDF a tura wa mai shago ta waya. In dole sai filashi, a ware guda ɗaya na zuwa shago kawai, kada a ajiye komai mai muhimmanci a kansa, a kuma sa manhajar tsaro ta bincike shi kafin a buɗe.

Wannan hanya ta yaɗuwa tsohuwa ce. Cutar farko da ta shahara a irin kwamfutocin da muke amfani da su, mai suna Brain, wasu 'yan uwa biyu ne suka rubuta ta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, kuma ta zaga duniya ne a kan faifan da ake ara daga hannu zuwa hannu, tun intanet bai shiga gidaje ba. Mun kawo wannan ne saboda masu cewa kwamfutarsu ba ta hawa intanet, don haka ba abin da zai same ta. Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar nan, har sai mutum ya yi tafiya zuwa Sakkwato ko Funtuwa kafin ya kira ɗan uwansa. A makonnin nan ba mu daina musayar fina-finai da takardu ta filashi da memori ba, sai ma abin da ya ƙaru, alhali babu kwamfutar da ke samun sabuntawa.

Maganar sabuntawa ita ce mafi nauyi a jawabin nan, ita ce kuma wadda muka fi sakaci da ita, domin tana cin data. Kowace manhaja tana da tsaga wadda masu ita ba su gani ba sai daga baya. In sun gano, sai su aiko da faci. Kamfanin Microsoft yana fitar da nasa a Talata ta biyu ta kowane wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma an ga gaskiyar wannan a watan Mayu na 2017, lokacin da cutar WannaCry ta afka wa kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 cikin 'yan kwanaki. A Ingila sai da asibitoci suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Facin da zai toshe tsagar kuwa an fitar da shi tun watan Maris, wata biyu kafin annobar. Waɗanda suka kamu su ne waɗanda ba su ɗora shi ba. Wannan cuta kulle fayilolin mutum take yi, ta rubuta masa a fuskar kwamfuta cewa sai ya biya kuɗin fansa. Mu mutanen wannan yanki ba sai an fassara mana wannan kalma ba. Kuma ko an biya, babu tabbacin za a buɗe.

Akwai wata matsala da ta shafi kwamfutocin gwanjo. Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 faci tun ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajistar hakan. Tsofaffin na'urori da yawa kuma ba sa iya ɗaukar Windows 11. Ba za mu ce kowa ya sayi sabuwa ba, mun san aljihunmu. Wanda tasa ke kan Windows 7, ya mayar da ita injin buga rubutu, kada ya shiga banki ko imel da ita. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙane a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko wani masani da ya amince da shi, yana iya sa a ɗora masa Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta suke, ana sabunta su, ba su da nauyi ga tsohuwar na'ura. LibreOffice ma kyauta ce, tana buga rubutu tana lissafin maki.

Mun ambaci kyauta ta halal ne domin mu raba ta da wadda ba ita ba. Kusan kowa ya san yadda ake kai kwamfuta wurin mai gyara ya cika ta da manhajojin da aka fasa makullinsu. Ku lura da abu guda: umurnin farko wajen ɗora irin waɗannan shi ne a kashe manhajar tsaro. Baƙon da ya ce sai an sallami maigadi kafin ya shigo, ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja mai tsada ya raba ta a intanet yana da abin da yake nema, sau da yawa kuwa kalmomin sirrin da aka adana a kwamfutar ne. Game da manhajar tsaro, ba sai an sayi mai tsada ba. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender a cikinsu, kuma ya wadatar da gida in ana barinsa ya sabunta. Ɗora biyu ko uku a lokaci ɗaya sai ya sa su yi ta karo da juna, na'urar ta yi nauyi.

Yanzu sai ɓarawon da ba ya buƙatar cuta ko ɗaya, wanda da baki yake sata. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da yawanmu muka koma tura kuɗi ta waya, 'yan damfara kuma suka biyo mu. Sun san abin da malami ke jira: ƙarin girma, bashin albashi, tantance ma'aikata, tallafi, gurbin aiki ga ɗansa. Sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na makaranta da tambarin gwamnati, a ce a latsa nan a cike fom kafin ƙarfe goma sha biyun dare. Fom ɗin zai nemi lambar BVN da lambar katin ATM da lambobi ukun da ke bayansa. Gaggawar nan da suke sakawa ita ce makaminsu, domin mai sauri ba ya tambaya. Adireshin hukumomin gwamnati a Najeriya yakan ƙare da gov.ng, a duba da kyau harafi bayan harafi. Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa ko lambar da aka turo masa ta saƙon waya. Duk sanarwar da ta shafi albashi ko tantancewa, a tambayi shugaban makaranta ko sakataren reshe kafin a taɓa komai. Muna roƙon masu tura duk abin da suka gani zuwa zaure da taken "a taimaka a yaɗa" su dakata. Saƙon da ya fito daga hannun malami, iyaye gaskata shi suke yi.

Haka ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum. Wani zai kira da ladabi, ya ambaci sunan zauren da kuke ciki, ya ce an shirya taro ta intanet, an turo maka lambobi shida, karanto masa. Waɗannan lambobi mabuɗin asusunka ne. Da ka faɗa, shi ke nan, sai ya shiga rubuta wa 'yan uwanka da sunanka cewa kana asibiti a turo kuɗi. Maganin yana cikin saitin manhajar, wurin da ake sa lambar sirri ta biyu, kuma bai fi minti biyu ba. A yi haka ga imel da Facebook. A kuma daina amfani da shekarar haihuwa ko sunan ɗan fari a matsayin kalmar sirri, a daina sa guda ɗaya a ko'ina. Jimla mai tsawo da Hausa, wadda kai kaɗai ka san dalilinta, ta fi gajeriyar kalma mai wuyar tunawa. Rubuta ta a littafi a ajiye a akwati bai zama laifi ba, ɓarawon intanet ba ya buɗe akwati.

Ga iyaye mata da ke karanta wannan mujalla, ku ne kuka fi sanin wanda ke taɓa kwamfutar idan maigida ya fita. A buɗe wa yara nasu asusun daban wanda ba shi da ikon ɗora manhaja, babba ya riƙe mabuɗin. Wasannin kyauta da shafukan sauke fim su ne manyan ƙofofi. Amma kada a tsananta har yaro ya ji tsoron faɗa in ya latsa abin da bai kamata ba. Wanda ya faɗa da wuri ya taimaki gida: a cire intanet nan take, a canza kalmomin sirri daga wata na'urar, a kira banki in abin ya shafi kuɗi.

Akwai kuma amanar da ba tamu ba. A kwamfutocinmu da wayoyinmu akwai sunayen ɗalibai, da hotunansu, da unguwanninsu, da lambobin wayar iyayensu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai. Amma mu da muka ga abin da ya faru a Jangebe a Fabrairun 2021, muka ga na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da na Kaya a Maradun a wannan shekarar, ba doka ce za ta koya mana cewa jerin sunayen 'yan mata da lambobin iyayensu ba abin yasarwa ba ne. Kada a bar shi a kwamfutar shago bayan an buga. A tsaya a ga an goge, a kuma share kwandon shara. Kada a tura shi zauren da ba a san kowa a ciki ba. A sa wa kwamfuta kalmar sirri ta buɗewa, kuma kafin a sayar da ita ko a ba mai gyara, a kwashe abin da ke ciki.

Saura ajiyar kwafi, wadda da abokinmu ya yi ta da labarinsa bai zo nan ba. Kowane aiki mai muhimmanci ya kasance a wuri biyu bayan kwamfutar: filashi ko faifan waje da ake cirewa a ajiye bayan an kwafa, domin cuta na bin duk abin da ke soke, da kuma ma'ajiyar intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardun malami na shekaru. Wannan yana tsare mu har daga abin da ba cuta ba, kamar wutar janareto da ke ƙona na'ura, da ƙurar hunturu, da kofin shayin da yaro ya tuntsurar.

Kwamitin ya nemi izinin shugaban reshe, ya kuma amince, cewa a taro mai zuwa za a ware awa biyu bayan azahar. Duk mai kwamfuta ya zo da ita da cajarta da filashinsa. Malaman kwamfuta daga cikinmu za su duba wace Windows ce a kai, su kunna sabuntawa, su taya kowa sa lambar sirri ta biyu a wayarsa. Reshe zai ɗauki nauyin data da man janareto. Waɗanda hanya ba za ta bar su zuwa ba su ba wakilin makarantarsu sunayensu, za mu tsara yadda za a isa gare su.