Haruffa Uku a Jikin Jaka: Dalilin da Ya Sa Lambar Filin Jirgi Ba Ta Bin Canjin Suna



Duk maniyyacin da ya tashi daga Kano ya ga ma'aikaci ya liƙa wa hannun jakarsa doguwar takarda mai ɗauke da JED ko MED da manyan baƙaƙe. Haruffan nan uku su ke kai jakar Jidda ko Madina, ko da mai lodin kaya ba ya jin Hausa balle Larabci. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wadda aka kafa a 1945, ita ke raba su. Matuƙa da masu kula da zirga-zirgar sama kuwa suna da nasu mai haruffa huɗu daga hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO: Kano KAN ce a tikiti, DNKN a takardar matuƙi, kamar yadda Yamai take NIM da DRRN. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne, amfanin waɗannan lambobi yana cikin ɗorewarsu, don haka bai kamata su riƙa bin canjin suna ba.

Tarihi ya nuna cewa a kan haka aka daɗe ana tafiya. Filin jirgin Cikago ya koma O'Hare tun 1949, amma har gobe lambarsa ORD ce, daga tsohon sunansa na Orchard. Leningrad ta koma San Fitasbag a 1991, LED na nan daram. Bombay ta zama Mumbai a 1995, BOM ba ta motsa ba. A nan gida ma, an sa wa filin Kano sunan Malam Aminu Kano, na Legas sunan Janar Murtala Muhammad, amma KAN da LOS suna nan yadda suke. Dalilin a fili yake: lamba ɗaya tana zaune a kwamfutocin sayar da tikiti na duniya, da na'urorin tace kaya, da tikitocin da aka saya watanni kafin ranar tafiya. Kuma haruffa 26 idan aka jera su uku-uku, haɗi 17,576 kacal suke bayarwa, saboda haka ba kowane gari zai samu wanda ya yi kama da sunansa ba.

Wani zai ce BOM tana raya sunan da Indiya ta yar saboda warin mulkin mallaka, kuma fasinja ba ya gane ORD. Wannan ƙorafi yana da nauyi, domin suna linzami ne, kuma kowace al'umma tana da ikon zaɓar nata. Sai dai martabar gari tana kan allon ƙofar filin da bakin mai sanarwa, inda ake kiran Mumbai da sunanta. Ita lamba kayan aiki ce, kuma ranar da aka canza ta, idan kamfani ɗaya ya makara wajen gyara kwamfutarsa, jakar bawan Allah ce za ta ɓata. Hujjar canji tana ƙarfi ne idan an gina sabon fili, kamar yadda na Blaise Diagne da aka buɗe kusa da Dakar a 2017 ya samu DSS, don a bambanta shi da tsohon mai DKR.

Shawarata ga hukumominmu ita ce su raɗa wa filaye sunayen da suka ga sun cancanta, su bar lambobi a inda suke, su kuma koya wa matafiya duba haruffan da ke jikin jakarsu kafin ta bar hannunsu.