Mai Zane Da Ƙasar Noma: Daga Zariya Zuwa Gonakin Funtuwa Da Malumfashi



Maganar da zan yi yau ta shafi sana'ar da ba mu cika ɗaukarta da nauyi ba, watau zanen shimfiɗar ƙasa: mutum ya ɗauki buroshi da fenti, ya zauna a bakin gona ko gindin dutse, ya sauke abin da idonsa ya gani a kan ƙyalle ko takarda. Zan kawo rayuwar masu zane biyu, ɗaya na Zariya, ɗaya na ƙasar Sifen, sa'an nan in komo da mu gida, domin ra'ayina shi ne ƙasar noman nan tamu tana sauya kama da sauri, alhali kuwa masu yi mata shaida da zane sun yi ƙaranci ƙwarai.

Zane Ba Baƙo Ba Ne

Kada wani ya zaci hannun mutanen ƙasar nan bai san zane ba. Akwai zanen shanu a kogunan duwatsun Birnin Kudu tun zamanin da ba a rubuta ba. Akwai zayyanar Alƙur'ani, da aska biyu da aska takwas a gaban riga, da sassaƙar ƙwarya, da dagi a goshin zaure. Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 ya isa shaida a kan gwanintar magabatanmu wajen tsara layi da siffa. Abin da ba mu gāda ba shi ne zana wuri takamaimai yadda yake, har wanda ya san wurin ya ce, lalle wannan fadamar garinmu ce.

Amfanin irin wannan zane kuwa a fili yake. Bature Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya yi ta zane a littafin aljihunsa. Da aka buga labarin tafiyarsa a 1857 zuwa 1858, an sa hoton birnin Kano kamar yadda ake hango shi daga kan Dala. Har gobe masu binciken tarihi suna duba wannan hoto don su ga yawan fili da itatuwa da kududdufai da ke cikin ganuwa a wancan zamani. Gani ya kori ji. Sai dai abin lura, idon baƙo ne ya gano mana, hannun baƙo ne ya ajiye mana.

Jimo Akolo Da Makarantar Zariya

A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane daga Ibadan aka kawo shi kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 waɗansu ɗaliban sashen, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu zane kamar a Ingila suke. Suka ce za su karɓi dabarun Turawa, amma su haɗa su da fasahar gida.

Cikin waɗannan samari, wanda ya fi zuba ido ga Arewa shi ne Jimo Akolo. An haife shi a Egbe, cikin Lardin Kabba na wancan lokaci, Jihar Kogi ta yanzu, a 1934. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda wani malami Bature, Dennis Duerden, ya lura da baiwarsa ya ƙarfafa masa gwiwa. Ya shiga kwalejin Zariya a 1957, ya gama a 1961. Ya zauna cikin ƙungiyar na ɗan lokaci, daga baya ya janye jiki, domin a ganinsa bai kamata a shata wa mai zane hanyar da zai bi ba. Ya ƙaro ilmi a Landan da kuma Jami'ar Indiyana a Amurka, sa'an nan ya komo Zariya a 1966, ya yi ta koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello fiye da shekara 30, har ya kai matsayin farfesa. Ya rasu a 2023.

Mene ne aikinsa? Akolo ya dubi zanen bangon gidajen Hausawa, ya koyi yadda maginanmu ke yanka fili gida gida da layi mai kauri, ya shigar da wannan tsari cikin zanen fenti. Ya zana makaɗa da mahaya da taron sallah. Ya yi zanen bango a majalisar dokokin Jihar Arewa a Kaduna. Zanensa da ya fi shahara shi ne na Fulani mahaya dawaki, na 1962, inda mahaya uku suka cika ƙyallen maƙil, launi yana gogar launi, har mai kallo ya ji kamar dawakin za su keto su fito. Zanen yana gidan adana kayan tarihi na birnin Biristol a Ingila, kuma yana cikin waɗanda aka nuna a babban baje kolin zanen Nijeriya da gidan Tate ya buɗe a Landan a 2025.

Darasi na farko daga rayuwar Akolo shi ne, abin da muke wucewa kullum ba mu waiwaya ba, shi ne duniya ta rataye a bango tana kallo. Na biyu, an fi saninsa da mutum da doki da ganga, watau rayuwar fada da ta biki. Gonar da ta ciyar da dokin da mahayinsa tana nan tana jiran nata gwanin. Waɗanda suka biyo baya a Zariya, irin su Gani Odutokun wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995, da Jerry Buhari wanda ya damu ƙwarai da lalacewar muhalli, sun faɗaɗa hanyar. Duk da haka aikin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa.

Misali Daga Kataloniya

Don mu ga abin da mutum guda zai iya yi wa ƙasar noma, bari mu leƙa Kataloniya, yankin arewa maso gabashin Sifen wanda Barsalona ce babban birninsa. Can akwai wani gari, Olot, a tsakiyar tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa. Garin manoma ne da 'yan masaƙu, ba shi da wani suna a duniyar fasaha sai da Joaquim Vayreda ya zo.

An haifi Vayreda a 1843, ya koyi zane a Barsalona a hannun Ramon Martí Alsina, sa'an nan ya koma Olot, garin iyayensa, ya zauna. Yaƙin basasar da aka yi a Sifen a shekarun 1870 ya sa ya yi gudun hijira zuwa kudancin Faransa. Ya amfana da aikin masu zanen Barbizon na Faransa, waɗanda suka bar zanen sarakuna da yaƙe-yaƙe suka fita daji suna zana itace da makiyayi. Da ƙura ta lafa ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa yana zana abin da ke kewaye da shi: masu girbi, shanu a bakin rafi, hazon safiya, da gonakin wani ɗan hatsi mai farin fure da suke kira fajol. Ya rasu a 1894 yana da shekara 51. Shi da ƙanensa Marià da abokinsu Josep Berga suka tara almajirai, har aka san su da makarantar Olot. A 1934 hukumar Kataloniya ta buɗe makarantar koyon zanen shimfiɗar ƙasa a garin, a 1982 kuma aka kafa dokar kare duwatsun da dazuzzukan yankin. Mutane sun fi saurin kare abin da aka koya musu ganin kyansa.

Ku lura, Vayreda bai je neman abin zanawa a nesa ba. Tazarar da ke tsakanin gidansa da yawancin wuraren da ya zana tafiyar ƙafa ce.

Tambayar Addini

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinku, kuma tambaya ce mai kyau. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan suranta abu mai rai, akwai kuma hadisai masu tsanani a kansa. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum da ke cin abinci da sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, da wannan damuwa. Ya gargaɗe shi game da surar mai rai, sa'an nan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ashe ke nan cikin dukkan rassan zane, na itace da dutse da gona da gajimare shi ne wanda ƙofarsa ta fi buɗewa ga Musulmi. Abin mamaki, ita ce ƙofar da muka fi ƙyalewa.

Ƙasar Da Ke Jira

To, me ke nan da za a zana? Harshenmu kansa daga ƙasa ya samo sunayen launi: ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro. Mai zanen da ya zauna tsakanin Bakori da Ƙafur shekara guda zai ga ƙasa ta sake riga sau huɗu: jar ƙasar bazara da hadari ya yi gangami a gabas, masara kore shar a tsakiyar damina, kaɗa ta fashe fari fat da kaka, sa'an nan hazon hunturu ya shafe nesa. Zai ga gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, ya saɓa wa sauran itatuwa. Zai ga rake da tumatir a fadamun Ɗanja, da ruwan Mairuwa, da tudun da Gulbin Sakkwato ya faro kusa da Funtuwa.

Wannan shimfiɗa kuwa tana da tarihi, kuma ba ta tsaya cik ba. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi da gonar iri ta Daudawa suka mai da yankin cibiyar auduga. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya yaɗa takin zamani da masara, har masara ta ci filin da a da na dawa ne da auduga. Garuruwa sun cinye gonakin bayan gari, gatarin masu gawayi yana cin ɗorawa da kaɗanya. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu a wajajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Yaron da aka haifa a gudun hijira, da me za a nuna masa kamannin ƙauyen ubansa?

Wani zai ce ai ga kyamara a aljihun kowa. Gaskiya ne, kuma hoto yana da nasa amfani. Amma hoto ƙiftawar ido ne, mai zane kuwa sai ya wuni yana kallon itace guda kafin ya san yadda reshe ya fita daga jikinsa. Wannan doguwar lura ita ce ilmin, ita ce kuma ke haifar da ƙauna. Dubi kalandun da ke ofisoshinmu da zanen da ke bayan manyan motoci da shagunan aski: duwatsu masu ƙanƙara, da magangarar ruwa ta wata ƙasa. Masu hannun suna nan a tasha da kasuwa. Ba a taɓa ce musu kukar bayan garinsu ta isa a zana ba.

Kira

Ga ɗalibai, fensir da takarda sun isa mafari. Ku zaɓi wuri guda, ku zana shi a bazara da damina da kaka da rani, ku rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasa. Zariya tafiyar sa'a guda ce ko ɗan fi daga Funtuwa, sashen zanen da ya yaye Akolo yana nan yana karɓar ɗalibai.

Ga ma'aikata, musamman na ilmi da na ƙananan hukumomi, ku dubi darasin zane a jadawalin makarantu, ku tabbata ana yin sa, ba a mai da lokacinsa na shara ba. In za a ƙawata ofis ko ɗakin taro, a ba mai zanen gari aikin zana garin, a biya shi haƙƙinsa, a adana abin da ya yi. Kuɗin bai kai na labule ba, amma jikokinmu za su same shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya.